Hutu da abokai a bakin tekun Gana: tambayoyin da aka fi yi da amsoshinsu

Duk wanda ya ji an ce mun yi yawon bakin tekun Gana sai ya fara jero tambayoyi, kuma kusan iri ɗaya ne, takardu, kuɗi, abinci, salla, sai kuma shin ana iya shiga ruwan. To ga su nan na tattara na amsa iya sanina. Abu ɗaya da zan ta nanatawa shi ne kar ku ƙare hutunku a Akra, ku fita ku yi yamma, kuma ku rage yawan wuraren da za ku je ku ƙara lokacin da za ku zauna a kowanne.

Me ya sa sai Gana, ba ga teku nan a Legas ba?

Akwai teku a Legas mana, amma abin da Gana ta tara a kan titi ɗaya daban ne. Gaɓar tekunsu ta haura kilomita 500, kuma in kun bar Akra kuka nufi yamma za ku riƙa cin karo da garuruwan masunta, da tsoffin gidajen tsare bayi da Turawa suka gina, da daji mai duhun itatuwa, da rairayi mai bishiyoyin kwakwa, duk a jere. Ga Turanci ana ji, ga kuma zango kusan a kowane gari inda za ka yi sallama da Hausa a amsa maka da Hausa. Ga wanda bai taɓa fita waje ba gaskiya ban san wurin da ya fi nan sauƙin farawa ba a yankinmu.

Ana buƙatar biza?

Ɗan Najeriya ba ya buƙata, saboda duk ƙasashen biyu suna cikin ECOWAS, kana iya zama har kwana 90. Amma ka riƙe fasfo mai sauran wa'adi ko takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS, sannan katin rigakafin shawara, wato yalo kad ɗin nan, dole ne, ana tambayarsa a filin jirgi ana tambayarsa a boda. Ku je ku yi allurar da gaske aƙalla kwana 10 kafin tafiya don sai bayan nan take fara aiki, kar wani ya ce zai samo muku kati ba allura, lafiyarku ce. 'Yan uwanmu na Nijar kuwa tunda ƙasar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025, ku leƙa ofishin jakadanci ku tabbatar da abin da ake nema kafin ku sayi tikiti.

Jirgi ko mota?

Daga Legas zuwa Akra a jirgi kamar awa ɗaya ne. A mota nisan bai kai kilomita 500 ba amma boda uku za ku tsallaka, Seme tsakanin Najeriya da Binin, sai Hillacondji a shiga Togo, sai Aflao a shiga Gana, kuma kowace boda sai an sauka an buga hatimi an jira, don haka tafiyar da a takarda take kamar ta rabin yini tana iya cinye muku yini guda cur har dare. In kuna da ƙarfin aljihu ku hau jirgi ku adana ƙarfin jikinku. In kuma mota za ku bi, ku shiga manyan bas na kamfanonin da suka saba hanyar irin su ABC, su ne ke tattara fasfo su bi layi da ku. Ni dai ina son hanyar mota ko sau ɗaya ne, don kana wucewa Lome teku na gefenka na hagu har ka isa Aflao. Ku tuna agogon Gana yana bayan na Najeriya da awa ɗaya.

Wane lokaci ya fi?

Damina babba a kudancin Gana daga Afrilu ne zuwa wajen Yuli, Yuni ya fi ruwa, sai ƙaramar damina wajen Satumba zuwa Nuwamba. Daga Disamba zuwa Fabrairu rani ne, hazo yana ɗan saukowa amma ba irin namu na arewa ba. Matsalar Disamba tsada, 'yan ƙasar waje suna cika Akra don bukukuwan ƙarshen shekara, otal da mota duk su tashi. Janairu bayan an watse ko Fabrairu shi na fi ba da shawara, Agusta ma akwai sanyi-sanyi mai daɗi. Mai son biki kuwa, ana Bakatue a Elmina ranar Talatar farko ta Yuli, ana Fetu Afahye a Cape Coast Asabar ta farko a Satumba.

Kwana nawa ya isa, kuma ya za mu tsara?

Mako ɗaya ya isa in ba ku yi haɗama ba. Kwana biyu a Akra, uku a Cape Coast da Elmina har da dajin Kakum, biyu a bakin teku can yamma wajen Busua ku huta. Daga Akra zuwa Cape Coast kusan kilomita 150 ne, amma ku bar gari da asuba saboda gosulon Kasoa, in ya kama ku sai ku yi awa kuna kallon bayan mota ɗaya. Akwai masu cewa za su tashi daga Akra da safe su ga Kakum su ga Cape Coast su ga Elmina su dawo da daddare, ana yi, amma wallahi wahala ce kawai, za ka dawo da hotuna a waya ba ka tsaya ka fahimci komai ba. Motocin Cape Coast ana samunsu a Kaneshie, akwai bas ɗin STC, in kuma kun kai ku biyar ko shida ku yi shatar mota da direba ku raba kuɗin, ya fi muku kwanciyar hankali.

Me za mu gani a Akra?

Wurin tunawa da Kwame Nkrumah inda kabarinsa yake, an gyara shi an sake buɗewa a 2023, a filin ne ya yi shelar 'yancin Gana a Maris 1957. Sai dandalin Black Star, sai Jamestown mai hasumiyar fitilar jiragen ruwa, sai kasuwar Makola in kuna son atamfa da kente. Masallacin ƙasa da ke Kanda wanda Turkawa suka taimaka aka gina aka buɗe a 2021, ku yi ƙoƙari ku samu Juma'a a can. Daga nan Nima kusa ce, ku shiga da yamma ku sha shayi ku ci tsire ku ji Hausar Gana da kunnenku. Labadi shi ne bakin tekun da kowa ya sani, ana biyan kuɗin shiga, akwai dawakai da kiɗa da cunkoso musamman Lahadi, ni bai kwanta min ba sosai, na yamma sun fi tsabta da natsuwa.

Gidajen bayin nan na Elmina da Cape Coast, dole ne a shiga duka biyun?

Ku shiga duka, amma ba rana ɗaya ba in da hali, don abin yana da nauyi a zuciya. Tsakaninsu bai fi kilomita 13 ba.

Na Elmina shi ne babba a shekaru, 'yan Fotugal suka gina shi a 1482, da farko don cinikin zinariya, daga baya ya koma wurin tara mutane. 'Yan Holan suka ƙwace a 1637, sai Ingila ta karɓa a 1872. Na Cape Coast kuma 'yan Suwidin suka fara kafa shi a 1653, ya faɗa hannun Ingila a 1664, kuma garin ne hedkwatar mulkinsu har 1877 da suka koma Akra. UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihin duniya tun 1979.

Daga waje farin gini ne mai kyau, ga manyan bindigogi sun fuskanci teku, ga iska. Sai ɗan jagora ya sauka da ku kurkukun maza na Cape Coast ta wata gangara, haske ya ragu, iska ta ɗauke, ya nuna muku 'yan tagogi can sama da ba su isa komai ba, ya ce muku ɗaruruwan mutane ake zubawa a nan makonni ko watanni suna jiran jirgi, a nan za su ci a nan za su kwanta a nan za su yi bahaya. Wani lokaci sukan kashe fitila na ɗan lokaci don ku ji yadda duhun yake. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne a saman wannan kurkukun daidai aka yi ɗakin ibadar Turawan, suna addu'a a sama mutane na mutuwa a ƙarƙashin ƙafafunsu. A Elmina kuma za a tsayar da ku a tsakar gidan mata a nuna muku barandar da gwamna yake tsayawa ya zaɓi wadda yake so, da matakalar da ake bi da ita zuwa ɗakinsa, da ɗakin da ake kulle masu tawaye ba ci ba sha har su mutu, an zana ƙoƙon kai a saman ƙofarsa. Daga ƙarshe sai ƙofar da ba a dawowa, wadda ta nan ake fitar da bayi zuwa jirgi, siririya ce a Elmina, mutum ɗaya-ɗaya take ɗauka, bayanta ruwa.

A Elminan ne kuma Ingila ta tsare Sarkin Asante Prempeh na ɗaya a 1896 kafin a kai shi Saliyo sannan tsibirin Seshel.

Roƙona gare ku, za ku tarar da baƙaƙen fata daga Amurka da tsibiran Karebiyan waɗanda kakanninsu ta nan aka fitar da su, wasu suna kuka wasu sun kawo furanni. Don Allah a ajiye raha da bidiyon TikTok sai an fito. In an gama a ba ɗan jagora ɗan wani abu bayan kuɗin shiga, sun cancanta.

Wannan tarihin ya shafe mu ne, ko na mutanen kudu ne kawai?

Ya shafe mu. Kakanninmu fatake sun daɗe suna zuwa Gwanja fataucin goro, kuma Salaga da ke arewacin Gana, babbar kasuwar goron nan, ita ce kuma babbar kasuwar bayi, fataken Hausa sun yi ciniki a cikinta, na goro da na mutane, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Mutanen da aka kamo daga arewa da ƙafa ake gangarowa da su ta ƙasar Asante har teku. A kan hanyar Kumasi daga Cape Coast akwai Assin Manso, inda rafin da ake musu wankan ƙarshe yake kafin a kai su wurin Turawa, in kuna da rabin yini ku je. Sannan sojojin Hausa da Baturen Ingila John Glover ya kawo daga Legas sun yi yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874 a ɓangaren Ingila, da yawa ba su koma ba, su da fatake suna cikin waɗanda suka kafa zangunan da za ku gani a garuruwan bakin teku.

Gadar saman bishiya ta Kakum, mai tsoron tsayi zai iya?

Yawanci suna iyawa. Dajin Kakum yana kamar kilomita 30 arewa da Cape Coast, gadar an buɗe ta a 1995, guda bakwai ne a haɗe, tsawonsu gaba ɗaya wajen mita 350, wani wurin kuma kana sama da ƙasa da kusan mita 40. Katako ne siriri faɗin tafiyar mutum ɗaya, raga ta tare ka dama da hagu har wajen ƙirji, tana lilo tana ƙara amma ba ka da ta inda za ka faɗo. Tsakanin kowace gada akwai dandamali a jikin bishiya da za ka tsaya ka huta, kuma akwai gajeriyar hanyar fita bayan gadojin farko ga wanda ya ji ba zai iya ci gaba ba. Abin da ya fi gajiyar da mutane ma hawan tudun da ake yi kafin a isa, ga zafi ga gumi, don haka takalmi mai rufi da gorar ruwa. Ku je da sassafe kuma ranar aiki, don in 'yan makaranta suka cika wurin suna tsalle a kai to mai tsoro zai sha wuya. Kuma ku abokai kar ku girgiza gada don tsokanar ɗan uwanku, ba wasa ba ne. Akwai giwayen daji a Kakum amma kar ku sa ran ganinsu, suna can ciki, tsuntsaye da malam-buɗe-littafi za ku gani.

Za mu iya shiga tekun mu yi wanka?

Nan ne nake so ku saurare ni da kyau. Yawancinmu 'yan arewa ba mu iya iyo ba, wanda ma ya iya a dam ko kududdufin unguwa ya koya, kuma tekun Atlantika a wannan gaɓar ba haka yake ba sam. Igiyar ruwan tana da ƙarfi, tana dukanka ta kayar sannan in za ta koma ta zare yashin ƙarƙashin ƙafarka, kana tsaye ruwa iya gwiwa sai ka ji ka nutsa iya ƙugu. Akwai kuma wata hanyar ruwa mai ja zuwa ciki, kuma abin tsoron shi ne wurin da take yakan yi kamar ya fi ko'ina lafawa, ba kumfa ba hayaniya, sai baƙo ya ce bari in shiga ta nan. Mutane suna rasa rayukansu a haka, musamman ranakun biki, kuma yawancin bakin tekun babu masu ceto.

Don haka in ba ka iya iyo ba kar ruwa ya wuce maka gwiwa, kuma kar ka ba teku baya kana ɗaukar hoto. Ku tambayi masunta ko masu otal inda ake shiga kafin kowa ya cire riga. Kar a shiga da daddare, kar a shiga mutum ɗaya. In ruwa ya ja mutum kar ya yi kokawa da shi yana neman komawa gaɓa kai tsaye, gajiya ce ke kashewa, ya kwanta a bayansa ya ɗaga hannu, in ya iya iyo ya yi gefe-gefe har ya fita daga inda ake jan. Ku na waje kuma wanda bai iya ba kar ya faɗa don ceto, a yi ihu a kira masunta a jefa masa abin da ke yawo a kan ruwa, ko jarka ce.

Busua ta fi sauƙi, shi ya sa ake koyar da hawan igiyar ruwa da allo a can, akwai masu koyarwa da ke tsayawa tare da kai. In kuma ruwa mai kwanciya kuke so to Ada Foah, gabas da Akra kamar kilomita 100, inda kogin Volta yake shiga teku, ana yawo a kwale-kwale a ɓangaren kogin, amma ko a nan sai da rigar kariya, in mai jirgi ba shi da ita ku nemi wani.

Abinci fa, za mu samu halal?

Sosai ma. Kifi ya wadata, banku, wani tuwon masara da rogo mai tsami, da gasasshen karfasa da barkono ku fara da shi. Waakye, shinkafa da wake ne da ake dafawa da karan dafi, a zuba taliya da gari da ƙwai da baƙin yajin nan nasu shito, kuma masu sayarwa da yawa matan zango ne, Hajiya ma za ka ji ana kiransu. Da safe akwai koko da ƙosai, akwai tuwon zafi, akwai kelewele wato soyayyar ayaba da citta da yaji da daddare. A hanyar Cape Coast wajen Yamoransa za ku ga an jera dokunun Fante, wani tuwon masara mai tsami, a bakin titi nannaɗe da ganyen ayaba, ku saya ku ci da soyayyen kifi. Inda za ku yi hattara shi ne gidajen abinci na gargajiya da suke cewa chop bar, ana sa naman alade ko naman daji a miya wani lokaci, ku tambaya kafin a zuba, ba sa jin haushi. Nama dai ku bari sai a zango. Shito yana da zafi kuma akwai busasshen kifi da jatan lande a ciki, mai rashin jituwa da su ya kiyaye.

Salla ba za ta yi wahala ba?

A'a. Ko a Cape Coast akwai zango da masallatai wajen kasuwar Kotokuraba, Takoradi ma haka. A ƙananan ƙauyukan bakin teku ne za ku iya rasa masallaci kusa, ku riƙe darduma da buta a mota, ku matafiya ne kuna da sauƙin ƙasaru. Wasu wuraren shaƙatawar akwai giya da kiɗa har dare musamman ƙarshen mako, in hakan zai dame ku ku tambaya kafin ku biya kuɗin ɗaki.

Ya za mu yi da kuɗi kar a samu saɓani tsakaninmu?

Wannan ita ce tambayar da ba a cika yi ba alhali ita ke ɓata zumunci. Tun a gida ku zauna kowa ya faɗi ƙarfinsa ba kunya, a tsara tafiyar daidai da mai ƙaramin ƙarfi. A yi asusu ɗaya na mota da masauki da kuɗin shiga wurare, a ba mutum ɗaya amintacce ya riƙe yana rubuta duk abin da ya fita yana turawa kowa da daddare, tsaraba da kwaɗayi kuwa kowa da aljihunsa. Kuɗin Gana sidi ne, ku zo da dala ku canza a wuraren canji masu lasisi, kar ku dogara da katin naira. Sun saba da biya ta waya da suke kira MoMo, har mai kwakwa yana karɓa, amma ku riƙe tsabar kuɗi ƙanana don ƙauye. A wuraren tarihi farashin baƙo ya fi na ɗan ƙasa, haka tsarin yake a rubuce, kar ku tsaya musu. Kuma a ware wani abu a gefe don rashin lafiya ko sauyin tikiti wanda ba za a taɓa ba.

Nzulezo ya cancanci nisan?

In kuna da kwanaki, e. Ƙauye ne da aka gina kacokan a kan ruwan tafki bisa turaku, can kusa da iyakar Kwaddibuwa, daga Beyin ake shiga kwale-kwale kusan awa ɗaya in da filafili ne. Hanyar ruwan tsakanin ciyayi da itatuwa ta fi ƙauyen kansa daɗi a wurina. Gidajen mutane ne ba wurin wasa ba, a yi sallama a nemi izini kafin hoto. A wannan yankin akwai Axim mai tsohon sansanin 'yan Fotugal na 1515, da Nkroful mahaifar Nkrumah, da Cape Three Points ƙarshen Gana ta kudu. In mako ɗaya kawai gare ku ku tsaya a Busua ku bar nan sai wani zuwan.

Akwai ƙananan abubuwan da baƙo ke yin kuskure a kai?

Kar ku sa kaya masu zanen kakin soja, an hana farar hula. Kar ku ɗauki hoton fadar shugaban ƙasa ko barikin soja. Masunta da matan da ke ƙyafe kifi ba sa son a ɗora musu kyamara ba gaisuwa, ku gaisa tukuna ku sayi wani abu. Ranar Talata masunta a Elmina da garuruwa da dama ba sa fita teku bisa al'ada, to in kasuwar kifi kuke son gani da hada-hadarta ku zaɓi wata ranar da sassafe, ku tsaya a kan gadar da ke gaban gidan bayin ku ga kwale-kwale masu fenti da tutoci suna shigowa. Sauro akwai shi kamar gida, ku tafi da maganin shafawa, sannan ku sa wayoyinku a leda mai zif in za ku hau ruwa.